Inji yana bin sama, amma taurari suna jan layi a hotona

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Taimako nake nema kafin in mayar da kayan nan cikin kwalinsu. Ina da madubin hangen nesa irin na Newton, faɗinsa milimita 130, tsawon fokas 650, a kan mazauni irin EQ, wato mai juyawa yana bin tafiyar taurari, mai inji da rimot. Da ido lafiya lau, ramukan wata tar nake ganinsu. Ɗora kyamarar DSLR ne ya jawo mini ciwon kai. Da farko ta ƙi kama fokas sam, sai da na sa gilashin Barlow mai ninka biyu. Sannan in na ce wa rimot ya kai ni gajimaren Orion, M42, sai bututun ya sunkuya yana kallon ƙasa. Da na lallaɓa na nemo shi da hannu na ɗauki sakan 60, kowane tauraro ya fito da layi. Kuma na yi saitin taurari uku ɗin nan da rimot yake tambaya. Injin ne ya zo da matsala?

Dattijon Dare:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka taɓa kwalin nan tukuna. Cuta uku ka lissafa, kuma babu wadda ta haifi 'yar'uwarta, don haka kowace da maganinta. Mu fara da mai sauƙi. Wane kwanan wata ka shigar a rimot, kuma yaya ka rubuta shi?

Sabon Shiga:
5 ga Disamba ne, Baba. Na rubuta 05/12.

Dattijon Dare:
To ga ta nan. Yawancin rimot ɗin nan tsarin Amurka suke bi, wata kafin rana. Shi a wurinsa 12 ga Mayu ka ce masa, sai ya lissafa maka saman watan Mayu. Kowace rana taurari suna riga jiya fitowa da kusan minti 4, wato kamar digiri ɗaya. Ka tara wannan na wata bakwai ka ga inda zai kai ka. Ka sake duba sa'a ma, domin kuskuren awa ɗaya digiri 15 ne cur. Haka layin longitud, gabas ne ko yamma, da tambayar nan ta ƙarin awa na lokacin zafi da wasu ƙasashe suke yi. Kafin ka kunna kuma, sandar ƙarfen nauyi ta kalli ƙasa, bututu ya kalli arewa. Daga wannan tsayuwar yake fara ƙirga komai.

Injiniya:
Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne "na yi saitin taurari uku". Malam, saiti iri biyu ne, kuma sababbin hannu da yawa suna ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan. Saitin taurari ilimi ne kawai kake ba kwamfutar rimot, ta san ina ne ina a sama. Ba ya motsa ƙarfe ko da gashi ɗaya. Ɗayan shi ne saitin cibiya: sandar RA ta mazaunin, wadda inji yake juyawa, wato ta bin taurari daga gabas zuwa yamma, dole ta miƙe ta nufi cibiyar sama ta arewa, wurin da dukkan taurari suke kewayawa. Wannan da hannu ake yinsa, da sukurori, biyu na hagu da dama, biyu na sama da ƙasa. Ko direba ya haddace duk hanyoyin duniya, in alaimen ɗin taya ya karkace mota za ta riƙa ja gefe.

Duniya tana gama juyi ɗaya a awa 23 da minti 56 da sakan 4 idan aka auna ta da taurari. Injin naka da wannan saurin yake juyawa, ta kishiyar hanya. In sandarsa ba ta yi daidai da ta duniya ba, saurin daidai ne amma da'irar da yake zanawa daban ce, sai tauraro ya riƙa zamewa arewa ko kudu a hankali.

Sabon Shiga:
Ai na yi wannan ma, Injiniya. Na leƙa ƙaramin madubin da ke cikin sandar, na sa tauraron Polaris a tsakiyar gicciyen daidai.

Ɗalibar Fiziks:
Yaya, a tsakiya? Ai Polaris ba shi ne cibiyar ba, maƙwabcinta ne. Tsakaninsu akwai kamar kashi biyu cikin uku na digiri, wajen mintin kusurwa 40 (digiri ɗaya mintin kusurwa 60 ne, kowane mintin kuma sakan 60 na kusurwa), ya fi faɗin cikakken wata a sama. Shi ma kewaya cibiyar yake yi. Shi ya sa aka zana da'ira a cikin ƙaramin madubin, a bakin da'irar ake ajiye shi, a gurbin da ya dace da wannan sa'ar. Akwai manhajojin waya da suke nuna gurbin, kuma ka lura madubin yana kifar da hoto, ka tabbatar manhajar ta yi la'akari da haka.

Bari in yi maka lissafin ɓarnar. Kowane mintin kusurwa ɗaya na kuskure yana iya jawo zamewar kusan rubu'in sakan na kusurwa a minti ɗaya na agogo. Naka 40 ne, kenan wajen sakan 10 na kusurwa a hoton sakan 60. Yawan saman da fiksel ɗaya, wato ɗigo ɗaya na sensar kyamara, yake gani kuwa, ka ninka girman fiksel da 206 ka raba da tsawon fokas. In fiksel ɗinka maikiron 4.3 ne, da Barlow tsawon fokas ya koma 1300, fiksel ɗaya bai kai sakan 0.7 na kusurwa ba. Layin fiksel 15 kenan. Ba inji ba ne.

Kwana Waje:
Duk wannan lissafin na mene ne? Ya sayi ƙaramar kyamarar gadi, mai sa ido a kan tafiyar inji, da ɗan madubinta, ya sa manhajar PHD2, shi kenan. Manhajar za ta kama tauraro ɗaya ta riƙa gyara injin duk bayan sakan biyu ko uku. Ni tunda na fara gadi ban ƙara ɓata lokaci a durƙushe ina leƙen Polaris ba.

Dattijon Dare:
A'a ɗana, ban yarda da kai ba a nan. Mutumin da bai gama da kwanan wata ba za ka ƙara masa kyamara ta biyu, da kwamfuta, da wayoyi huɗu da za su sarƙe a ƙafar mazauni? Kuma gadi ba ya wanke mummunan saiti. Yana riƙe tauraron gadin wuri ɗaya, amma sauran filin yana juyawa a kewayensa, sai ka ga tsakiya lafiya, gefuna sun yi baka-baka. Irin abin da ke samun masu mazaunin da ke tafiya sama-ƙasa da hagu-dama kawai.

Kwana Waje:
Baba, wannan juyawar sai kuskure ya yi yawa ko ɗaukar ta yi tsawo sosai take fitowa. Da kuskuren mintin kusurwa 5 da ɗaukar minti uku ba za ka gan ta ba.

Dattijon Dare:
Minti 5 ka ce. Shi yana 40. Ya sauko 5 ɗin tukuna, sannan mu yi maganar saye-saye.

Injiniya:
Ku dakata, har yanzu zato muke yi. Malam Sabon Shiga, akwai gwajin da zai raba gardama cikin minti biyu. Ka nufi tauraro mai haske, ka kashe bin sama gaba ɗaya, ka ɗauki sakan 5. Layin da ya fito shi ne gabas da yamma a kan sensarka. Kar ka juya kyamarar. Kunna injin ka ɗauki sakan 60, ka kwatanta. In sabon layin ya gitta na farko, arewa da kudu kenan, laifin saitin cibiya ne. In ya bi hanyar na farko, sai mu duba injin: ko saurin wata ko na rana aka zaɓa maimakon na taurari, ko makullin sanda bai ɗauru ba, ko batir ya yi sanyi, ko nauyi bai daidaita ba. In kuwa, a ɗauka mai sakan iri ɗaya, layin ya ninka na lokacin da inji yake a kashe tsawo, to an saita shi a kan kudancin duniya, baya yake tafiya.

Mai Lens:
Ni shawarata daban ce, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ka sauke Newton ɗin nan ka ajiye na ɗan lokaci. Ka ɗaura kyamarar kai tsaye a kan mazaunin da lens ɗinta na milimita 50 ko 135. A 135 fiksel ɗaya yana ganin sama da sakan 6 na kusurwa, kuskuren da yake kashe ka yanzu ba zai kai fiksel biyu ba. Kuma abubuwan da sabon hannu yake sha'awa manya ne. Andromeda, M31, tsawonta a sama ya kai digiri 3, wata shida a jere. A fokas 1300 tsakiyarta kaɗai za ka samu. Kaza mai 'ya'ya ma ba za ta shiga ba. Mutane suna zaton ƙara girma shi ne aikin, alhali tara haske ne.

Sabon Shiga:
Hajiya, gaskiya da zafi. Don madubin na sayi kayan.

Mai Lens:
Ba cewa na yi ka sayar ba, ƙanena. Cewa na yi ka koyi mazaunin da kaya marar nauyi.

Injiniya:
Akwai hanya ta tsakiya: a cire Barlow. Shi ne ya mai da f/5 ɗinka, wato tsawon fokas in an raba shi da faɗin madubi, ya koma f/10, hasken da ke sauka a kowane fiksel ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kowane kuskure kuma ya ninku. Dalilin da kyamarar ta ƙi fokas shi ne sensar DSLR tana can cikin jiki. A Canon EF milimita 44 ne daga bakin lens, a Nikon F 46.5, in ka ƙara zoben T, mai haɗa kyamara da bututu, ya zama 55. Newton da aka ƙera don kallo da ido wurin fokas ɗinsa yana kusa da jikin bututu, sai ka murɗa har ƙarshe ba ka kai ba. Ka duba bakin bututun fokas ɗin. A da yawa daga cikinsu mariƙin gilashin ido yana kwancewa, ƙarƙashinsa akwai zaren da zoben T yake hawa kai tsaye, ka ci milimita da dama. In hakan bai isa ba, akwai masu matso da babban madubin gaba da dogayen sukurori, amma kar ka fara da wannan. Ka gwada da rana a kan abu mafi nisa da kake iya gani, nesa da inda rana take. Ka sani dai taurari za su buƙaci ka ƙara shiga ciki kaɗan fiye da abin da ke ƙasa, don haka ka bar sarari.

Sabon Shiga:
Na dawo da rahoto. Rimot ya daidaita, yanzu yana kai ni kusa da abin da na nema. Mariƙin ya kwance kamar yadda Injiniya ya ce, kyamara ta kama fokas ba Barlow, saura kaɗan bututun ya ƙure. Gwajin layi kuma: na sakan 60 ya gitta na farko, arewa da kudu. Na sa Polaris a bakin da'ira, layin ya ragu sosai amma bai tafi ba. Wani abu kuma, in na juya sandar RA ina leƙawa, gicciyen kansa yana yawo.

Dattijon Dare:
Madalla. Wannan yawon yana nufin ƙaramin madubin bai zauna daidai da sandar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin rana ne. Ka sa gicciyen a kan ƙololuwar wani abu mai nisa, ka juya sandar rabin da'ira, ka ga inda ya koma. Da ƙananan sukurori ukun da ke riƙe gilashin zanen za ka dawo da shi rabin tazarar, rabi kawai, sannan ka mayar da sauran da sukurorin mazauni ka sake juyawa. Ka sassauta ɗaya kafin ka ɗaure biyu, kaɗan-kaɗan, don in ka sake su duka gilashin zai faɗa ciki.

Amma ni abin da nake so ka koya shi ne saiti da zamewa, don shi ba ruwansa da Polaris. Nemi tauraro kusa da ikwaitar sama, a kan layin da ya raba sama daga arewa zuwa kudu ta saman kanka. Bel ɗin Orion, taurari ukun nan da ke jere, yana kan ikwaitar, ya dace. Bar inji yana tafiya ka zuba ido. Ka manta da motsin gabas da yamma. A arewacin duniya, in tauraron ya zame kudu, sandarka ta yi gabas da yawa, in arewa, ta yi yamma. Sukurorin hagu da dama kaɗai za ka taɓa. In ya tsaya, ka koma wani tauraron can ƙasa-ƙasa a gabas, kamar digiri 20 daga doron ƙasa. In ya zame kudu sandar ta yi ƙasa, in arewa ta yi sama. In ka rikice da wane gefe ne arewa a Newton, kar ka damu, murɗa ta gefe ɗaya, in zamewar ta ƙaru ka san ɗayan ne.

Ɗalibar Fiziks:
Baba, da kyamara akwai dabarar da ta fi sauri. A buɗe shata na minti biyu. Sakan 5 na farko a bar tauraron ya yi ɗigo, sannan a danna maɓallin yamma da mafi ƙarancin sauri na minti ɗaya, a dawo gabas na sauran. In saiti bai yi ba za a ga layi biyu sun buɗe baki kamar harafin V. Ana gyarawa bakin yana rufewa, har su haɗe su zama layi ɗaya.

Bayan Gini:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni Polaris ba na ganinsa ma sam, gini ya tare. Kamfas na bi, kuma sakamakon ya fi na ɗan'uwan nan muni.

Injiniya:
Kamfas arewar maganaɗisu yake nunawa, ba ta gaskiya ba, bambancin kuma ya danganta da inda mutum yake. Ga ƙarfen mazaunin da injinsa suna jan allurar. Ka tsaya nesa da kayan ka ja layi a ƙasa, wannan kusantarwa ce kawai. Tsayin cibiyar sama daga doron ƙasa daidai yake da latitud ɗin wurin, mai latitud 50 zai same ta digiri 50 sama, mai 10 kuwa digiri 10 kacal, inda bishiya da ƙura suke. A irin wannan ƙasa-ƙasar ma ƙarfen nauyi yakan bugi ƙafar da ke arewa, sai an ƙara wa mazaunin wuya ko an juya shi ƙarfen ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu. Na kudancin duniya kuma tauraronsu, Sigma Octantis, da ƙyar ido yake ganinsa. Don haka ba kai kaɗai ba ne. Ko ka bi hanyar Baba, ko in kana da kwamfuta ka sa manhajar NINA, kyauta ce, tana da ƙarin da yake ɗaukar hoto uku a wani sashen sama, ya gane taurarin, ya gaya maka yawan murɗin da ya rage. SharpCap ma yana da nasa, amma wanda aka fi saninsa da shi yana son ganin kewayen cibiyar.

Kwana Waje:
Ka ga? An dawo kan kwamfutar da Baba ya hana.

Dattijon Dare:
Ban hana ba. Ranar da wayar USB ta ƙi magana cikin dare, wanda ya iya da hannu ne zai kwana yana ɗauka.

Bayan Gini:
Dole ne ƙafafun su daidaita da ma'aunin ruwa?

Injiniya:
Ba dole ba ne, sandar ce ke buƙatar nufar cibiya, ba ƙafafu ba. Sai dai in sun karkace, kana murɗa hagu da dama tsayi ma yana canzawa, aikin ya yi ta maimaituwa. Abin da ya fi muhimmanci ƙasa mai tauri, don ƙafa tana nutsewa a turɓaya bayan ka gama saiti.

Sabon Shiga:
Alhamdu lillahi, V ɗin ya rufe. A sakan 30 taurari ɗigo ne. A sakan 60 kuwa wasu hotunan lafiya, wasu sun ɗan miƙe, wannan karon gabas da yamma, kuma abin yana zuwa yana tafiya. Na gefen hoto suna da 'yar wutsiya tana kallon waje. Can cikin dare kuma duk suka kumbura.

Injiniya:
Yanzu ka iso inda injin yake da hannu. Giyar da ke tura babban faranti ba ta taɓa fita da'ira cikakkiya, sai ta ɗan yi sauri ta ɗan yi jinkiri a kowane zagaye. In farantin haƙora 144 gare shi, zagayen kusan minti 10 ne, shi ya sa kake ganin abin yana dawowa. Ka daidaita nauyi a sanduna biyun da kyamara a ɗaure, sannan ka bar gefen gabas ya ɗan fi nauyi don haƙoran su riƙa cizo. Ka ɗaure wayoyi kar su ja. Wanda ya rage, nan ne gadin da Kwana Waje yake ta kira yake da amfani. Ranar da ka saye shi, tsawon fokas na ɗan madubin gadi za ka shigar a PHD2, ba 650 ba. Wutsiyar gefe kuwa halin Newton mai f/5 ne, ana kiranta koma, akwai gilashin gyaranta, kuma yawancinsu tazarar 55 ɗin nan suke so.

Mai Lens:
Kumburin, ko fokas ne ya gudu saboda bututu ya yi sanyi ya tsuke, ko raɓa ta kwanta a ƙaramin madubin da ke kusa da bakin bututun Newton ɗin. Haska fitila ka gani. In taurarin sun zama zobe mai baƙi a tsakiya, fokas ne. Ka samu marufin Bahtinov, har da kwali ana yanka shi. Ka ɗora a bakin bututu ka nufi tauraro mai haske, za ka ga layi biyu sun gitta da na uku a tsakani, in na ukun ya zauna tsakiya daidai ka ɗaure sukurun. Ka sake dubawa duk bayan awa guda, kuma ka tuna ka cire shi.

Kar ka raina sakan 30. M42 tana da haske, tsakiyarta ma ƙonewa take yi, sai ka haɗa da wasu na sakan 5. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ISO 800 ko 1600, ka kashe saitin kyamara na rage hayaniya na doguwar ɗauka don yana cinye rabin darenka, kar kuma ka danna shata da yatsa, sa na'urar ƙidaya. Ka duba tudun histogiram, zanen da kyamara ke nuna hasken hoto da shi, ya rabu da bangon hagu, kamar rubu'i zuwa sulusi. Hoto 100 in an haɗa su a manhajar Siril ko DeepSkyStacker sun fi ɗaya tsabta sau 10, kuma in kana son ninka tsabtar sai ka ninka yawansu sau huɗu. Waɗanda suka miƙe ka zubar.

Sabon Shiga:
Na haɗa su, ga fuka-fukan gajimaren sun fito, har da ja-ja. Amma kusurwoyin hoton sun yi duhu, kuma akwai wasu zobba biyu masu dishi-dishi da ba sa motsi.

Ɗalibar Fiziks:
Ƙura ce a kan sensa, yaya, duhun kuma hasken ne bai kai gefe sosai ba. Da hotunan fili ake cire su, ga yadda ake ɗaukarsu: farin ƙyalle a bakin bututu, haske mai laushi iri ɗaya, guda 20 zuwa 30, tudun histogiram wajen tsakiya. Sharaɗin shi ne fokas da juyin kyamara su kasance yadda suke lokacin ɗaukar. Ka riga ka cire ta daga bututun?

Sabon Shiga:
Na cire tun da asuba.

Ɗalibar Fiziks:
To na wannan daren zobban ƙurar kaɗai za su iya gyaruwa, in ba su motsa ba. Gobe ka ɗauke su kafin ka kwance komai, ka haɗa da na duhu, murfi a rufe, sakan 30 da ISO ɗaya, tun kyamarar ba ta shiga ɗaki ta ɗumama ba.